Daga Maƙera Zuwa Masana'anta: Yadda Ake Juya Kwal Ya Zama Iskar Gas

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa a maƙera a kasuwar Boɗinga ko ta Shagari ya ga wani shuɗin harshen wuta yana rawa a bisa tulin gawayi idan an daina zuga. Wannan harshe wata iska ce ke ci, wadda ake kira kabon-monoksayid, mai fitowa idan gawayi ya yi zafi amma iskar oksijin ba ta wadace shi ba. Ita ce kuma ke halaka mutanen da suka kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Injiniyoyi kuwa da gangan suke samar da ita a cikin rufaffiyar tukunya, domin sarrafa lantarki, taki da man mota.

Abin da ke faruwa a cikin tukunya

Idan aka zuba kwal, da farko danshinsa zai fita. Daga nan sai hayaƙi da kwalta su biyo baya, a bar gawayi tsantsa, wato sinadarin kabon. Wani ɓangare na kabon ɗin yana ƙonewa da oksijin ya ba da zafi. Ragowar kuma yana shan wannan zafi ya haɗu da tururi, ya haifar da kabon-monoksayid da haidirojin. Ko kuma ya haɗu da kabon-dayoksayid ya haifar da kabon-monoksayid kaɗai.

Waɗannan matakai ba saurinsu ɗaya ba. Ƙonewa da oksijin ta fi haɗuwa da tururi sauri sau dubbai, haɗuwa da kabon-dayoksayid kuwa ta fi duka nawa. Kamar yadda ayari ba ya wuce tafiyar raƙumin da ya fi gajiya, haka mataki mafi nawa shi ke yanke girman tukunya da tsawon zaman kwal a cikinta.

Lissafin sauri

A shekarar 1889 masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya fito da ƙa'idar da ke danganta saurin haɗuwar sinadarai da zafi. Kowace haɗuwa tana da wani tudu na ƙarfi da sai an haye shi kafin ta auku. Alal misali, idan tudun ya kai kilojul 200 ga kowane mol, ɗaga zafi daga digiri 800 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyos zai ninka saurin kusan sau 7.

Sai dai zafi ba shi kaɗai ba ne. Yayin da ƙwayar gawayi ke cinyewa daga waje zuwa ciki, toka tana lulluɓe ta, dole tururi ya ratsa tokar kafin ya kai ga kabon. Mai gasa masara ta san haka, shi ya sa take kaɗe toka daga garwashi da mafici. Masana sukan auna yadda nauyin ɗan ƙaramin kwal ke raguwa a ɗakin gwaji, su zuba alƙaluman cikin lissafi, kwamfuta ta nuna abin da babbar tukunya za ta yi tun kafin a kashe kuɗin gina ta.

Zaɓen abin da za a zuba

Kwal iri-iri ne. Mai ƙarancin shekaru a ƙarƙashin ƙasa yana da danshi da yawa, amma ƙofofinsa a buɗe suke, saboda haka yana saurin haɗuwa. Tsohon kwal mai tauri ya fi ƙarfin wuta, sai dai yana da nawa. Yawan toka ma abin lura ne, domin idan zafi ya tsananta takan narke ta dunƙule kamar kashin maƙera ta toshe tukunya. Kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu, wanda ya fara samar da mai daga kwal a 1955, ya zaɓi tukwanen Lurgi masu jure kwal mai toka da yawa.

Iskar da ake hurawa ita ma zaɓi ce. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, wadda ba ta ci da wuta, don haka gas ɗin kan fito da rauni. Oksijin zalla na ninka ƙarfinsa, amma tace shi na da tsada.

Darasi ga yankinmu

An gano kwal a Inugu a 1909, ana kuma haƙarsa a Maiganga ta Jihar Gombe da Anu Araren kusa da Agadas a Nijar. Duk waɗannan wurare suna da nisa da Boɗinga, kuma kuɗin dako zai cinye riba. Abin da ke kusa shi ne karan gero da dawa, da ɓuntun shinkafar fadamu. Waɗannan sun fi kwal saurin haɗuwa, amma suna yawan fitar da kwalta, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ɓuntu toka ne. Ga shi kuma kara abincin dabbobi ne, da shi ake danni.

Kammalawa

Babu makamashin da ya fi kowane kyau a ko'ina; awo da lissafi ne ke nuna wanda ya dace da wuri. Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana neman abin da zai rage saran itace a yankin da hamada ke matsowa. Ɗaliban da za su ci gaba da irin wannan aiki suna azuzuwan sakandare a yau, kuma mabuɗinsu shi ne riƙe darasin lissafi da na kimiyyar sinadarai hannu bibbiyu.