Aikin Malamin Daji Ya Wuce Ƙwace Gatari

Akwai maganar da na gaji da jin ta a bakin iyaye a ƙasar Daura: wai karatun gandun daji na wanda ya rasa gurbi ne. Yaro ya samu shiga sashen a jami'a, sai gida ya yi tsit, har wani kawu ya ce, "Duk wahalar nan don ka ƙare a malamin daji?"

An san inda ƙyamar ta samo asali. Tun zamanin En'e, talaka ba ya ganin malamin daji sai ranar da ya sari reshe, a ƙwace masa gatari, a ci shi tara. To amma wa zai zaɓi irin da zai jure jigawar Baure da Zango? Wa zai reni dashe ya kai damina da ransa, ya san tazarar da za a bari tsakanin bedi da bedi don su tare iskar bazara? Wa ya san lokacin da ake tsaga dakwara ta zubo da ƙaro, wanda har Turai ake sayensa? Duk aikin mai wannan karatu ne, kuma yau da kwamfuta da hoton tauraron ɗan adam ake yin wani ɓangarensa.

Mai shakka ya bi ta Kwangwalam ya leƙa Matamaye da Magarya. Tun shekarun 1980 manoman kudancin Nijar suka koma barin tohon itatuwa a gona suna gyara shi, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawo ne kan gaba: ya zubar da ganye da damina, gero ya sha rana da taki, da rani kuma dabba ta ci 'ya'yansa. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba.

Wurin karatu kuwa ba a rasa ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma na da sashen gandun daji, ga kwalejojin tarayya a Jos da Afaka ta Kaduna. Hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, wadda aka kafa a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da hukumar ke aiki a cikinsu. Idan yaranmu ba su karanta ba, daga nesa za a ɗauko ma'aikatan.

Abin haushi shi ne yadda makarantunmu ke yi. Ranar dashen itace a zo da manyan baƙi, a ɗauki hoto, kafin mako awaki sun gama da komai. Ya kamata shugaban makaranta ya daina wannan biki. Ya ware ɗan fili kusa da rijiya, ya killace da ƙaya, yara su tara ledojin ruwa su cika da ƙasa da taki, su shuka kuka, ɗorawa, tsamiya da zogale. Kowane aji da layinsa da littafin rubuta wanda ya rayu da wanda ya mutu. A san wanda zai yi ban-ruwa lokacin hutu, don nan ne dashe ke mutuwa. A gayyato jami'in daji na ƙaramar hukuma, Sandamu ce ko Mai'adua, ya shiga aji ya faɗi abin da ya karanta da yadda ya samu aiki. Malamin aikin gona ya gaya wa yara tun aji huɗu na sakandare cewa ba a shiga karatun gandun daji sai da kiredit a lissafi, Turanci, kemistiri da bayoloji ko aikin gona. Kar a ware 'yan mata. Dashen da ya yi saura a kai kasuwar Mai'adua, kuɗin ya shiga asusun ajin da ya rene shi.