Kalmar Asali: Ma'anarta da Yadda Hausawa ke Amfani da Ita

1.0 Ma'ana

Asali kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, inda take nufin tushe ko saiwar abu. A wurin Bahaushe, asali shi ne tushen da mutum ya fito, wato iyayensa da kakanninsa da garin da suka taso. Ta wajen uba ake ƙirga shi. Saboda haka yaron da aka haifa a Kano, in mahaifinsa daga Katsina ya zo, sai a ce asalinsa Bakatsine ne.

Akwai kalmomin da ke maƙwabtaka da wannan kalma, amma ba su zama ɗaya da ita ba. Asali baya yake dubawa, wajen magabata, zuriya kuwa gaba take dubawa, wajen 'ya'ya da jikoki. Tsatso yana nuna wanda aka fito daga jikinsa, ita kuma salsala jerin kakanni ce ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Asali a Rayuwar Bahaushe

Muhimmancin asali ya fi fitowa fili a wajen neman aure. Kafin a ba da mace, iyayenta kan tura a binciko asalin manemin, su ma dangin namiji su yi nasu binciken. Ana duba ko gidan mutunci ne, ko akwai wani abin kunya ko ciwon gado. Dalili shi ne Bahaushe ya yarda cewa hali yana bin jini, shi ya sa yake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Aure da yawa ya fasu a wannan mataki.

Haka abin yake a sarauta, domin sai ɗan gidan da ya gada ke neman gadon mulki. A Kano, zuriyar Ibrahim Dabo, wanda ya hau mulki a 1819, ita ke riƙe da sarauta. A Zazzau kuwa gidaje huɗu ne: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Sana'o'i irin su ƙira da wanzanci da fawa su ma ta asali ake gadonsu. A da, tsagar fuska kan bayyana asalin mutum tun bai buɗe baki ba, kamar yadda ake gane Bagobiri.

3.0 Kalmar a Maganar Yau da Kullum

Ma'anar kalmar ta faɗaɗa, kamar yadda waɗannan misalai suka nuna:

(a) Audu ɗan asalin Daura ne. (garin kakanninsa)
(b) Binta 'yar asali ce. (mai tarbiyya da kunya)
(c) Wannan zuma ta asali ce. (ba jabu ba)
(d) Gaya mini asalin rigimar. (mafarinta)
(e) Asali ma ban san shi ba. (ƙarfafa zance)

Misali na (b) ya nuna cewa asali bai tsaya ga jini kawai ba, ya haɗa da hali. Don haka kiran mutum marar asali zagi ne mai zafi, domin ya taɓa shi ya taɓa iyayensa.

4.0 Kammalawa

Malami zai tarar da yara masu asali daban-daban a aji ɗaya. Wajibi ne ya koyar da waɗannan ma'anoni da misalai, ya kuma hana gori da sana'ar gidan wani ko ƙabilarsa. Ba wanda ya zaɓi asalinsa, kuma yaron da aka goranta wa kan ja baya a karatu.