Ciyar da Kyanwar Gida

A gidajenmu da yawa akwai wata magana da muka gāda, wai idan an ƙosar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba. Saboda haka sai a bar ta da ɗan kanzo da ragowar tuwo, a ce ta nemi sauran a rumbu. Wannan kuskure ne. Farauta halinta ce, ko ta ƙoshi za ta yi. Mai yunwa ita ce takan shiga maƙwabta sata, ta sha duka, wani lokaci ma ta ci ɓeran da aka sa wa guba. Ɓera kuwa ɗan loma ne. Sai ta kama wajen 8 a yini kafin su riƙe ta. Littafin Karin Magana 12:10 ya lissafta kula da dabba cikin halayen mai adalci.

Allah ya halicci kyanwa mai cin nama. Akwai abin da jikinta yake bukata wanda ba ya cikin dawa ko gero, in ta daɗe ba ta samu ba sai idonta da zuciyarta su lalace. Ba lallai tsoka mai tsada ba. Kayan cikin kaza, da guntayen mahauta, da kifi, da ƙwai duk sun yi, a dafa su, a cire ƙashi da ƙaya. Tuwo kaɗan a cakuɗa ba laifi.

Babbar kyanwa mai nauyin kilo 3 zuwa 4, kimanin cikin ƙaramin gwangwanin madara ya ishe ta a yini. A raba biyu, safe da yamma. 'Ya'ya sukan bar nono wajen mako 8. Daga nan a ba su sau 3 ko 4 har su kai wata 6. Mai shayarwa tana cin ninki biyu ko fiye, kada a ce haɗama ce.

Iyaye mata, a kiyaye miya. Albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kyanwa, dafaffu ko ɗanyu. Madarar shanu kuma, da yara suke son zuba mata, tana sa yawancin manya zawo. Ruwa mai tsabta ya fi.

A riƙa shafa haƙarƙarinta. In ƙasusuwa sun fito fili, a ƙara. In ba a jin su sam, a rage. Wadda ta ƙi abinci kwana 2, a kai ta wurin malamin dabbobi.