Kafin a sari gangaren dutse don wasan keke: abin da ya kamata ku sani

A Kalley babu tsauni, babu daji. Unguwa ce ta tsakiyar Yamai, maƙwabciyar Babbar Kasuwa, kuma keke a nan abin zuwa makaranta ne da neman na tuwo. Amma in kun lura da kekunan gwanjo da ake jerawa a bakin titi, za ku ga da yawansu masu kaurin taya ne mai haƙora-haƙora, da giya birjik, wasu har da sifirin a gaba. Su ne ake kira VTT. An ƙera su ne don hawa dutse da gangarowa, kuma saurayin da ya mallaki ɗaya, ko ba jima ko ba daɗe, zai ɗaga ido ya hango duwatsun nan uku na ƙetaren kogi da ake kira Trois Sœurs, ya ce bari ya tsallaka gadar Kennedy ya gwada. Wannan bayani nasa ne shi da abokansa, kafin su ɗauki diga da shebur.

Wasan kansa bai tsufa ba. A shekarar 1976 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka fara tseren gangara da tsofaffin kekuna a wata hanyar daji, tseren da ya yi suna da Repack. Birkinsu kan yi zafi har man da ke ciki ya ƙone kafin su kai ƙasa. Daga cikinsu ne aka sami su Joe Breeze da Gary Fisher da suka shiga ƙera keken da zai jure dutse. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko a Durango ta jihar Kolorado. Afirka ma ba a bar ta a baya ba: Greg Minnaar na Afirka ta Kudu ya ci kambun duniya na gangara sau huɗu, a 2003 da 2012 da 2013 da 2021, na ukun kuwa a garinsu Pietermaritzburg ya ci shi. A irin wannan gasa ta gangara ɗaya bayan ɗaya ake sakin mahaya, agogo ne alƙali, kuma cikin ƴan mintuna an gama. Hanyar gasar da ke Fort William ta Sikotilan tana gangarowa fiye da mita 500 daga sama zuwa ƙasa.

Tudun da ke kewaye da Yamai bai kai mita 100 sama da kogi ba, saboda haka kada kowa ya sa rai da irin wancan. Abin da za a samu shi ne gajeruwar hanya ta minti ɗaya ko biyu, wadda za a hau a sauko, a sake hawa. Wannan ya isa yaro ya koyi riƙe birki da karya kwana. Sai dai gajartarta ba ta rage haɗarin da ke tattare da ita ga ƙasa, kuma a nan ne maganar take.

Duk hanyar da aka sara a jikin gangare, ruwa zai ɗauke ta tamkar tasa. Ruwan sama na Yamai bai wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, amma a dunƙule yake zuwa, tsakanin Yuni da Satumba, sau da yawa cikin awa guda kamar da bakin ƙwarya. Saman tuddan nan marmara ce da fako, ba su shan ruwa. Abin da ya zuba sai ya kwaranyo gefe, ya nemi layin da ya fi sauƙi. In ya tarar da hanyar da ta miƙe sambal daga sama zuwa ƙasa, an share mata ciyawa da tsakuwa, tayoyi sun ƙara tona ta, to ya sami abin da yake nema. Damina ta farko za a ga ɗan rami mai zurfin tafin hannu. Ta biyu ya kai gwiwa. Daga nan ya zama kwazazzabo, ya shiga cin gonar da ke ƙasa, ya kwashi rairayi ya kai ƙorama, ƙorama ta kai kogi. Duk mazaunin Yamai ya san yadda yashi ke cike kogin Kwara, ya kuma tuna ambaliyar 2020 da ta shafe gidaje a Harobanda. Kwazazzabai da yawa a karkararmu daga turbar ƙafa da ta dabbobi suka samo asali. Bai kamata masu keke su ƙara ko guda ɗaya a kai ba.

Masu wannan sana'a a ƙasashen waje sun daɗe da gane haka. Ƙungiyar IMBA, da aka kafa a Kalifoniya a 1988, ta tattara ƙa'idojin da ake bi kusan ko'ina. Ta farko ita ce hanya ta bi jikin dutse a karkace, kada gangararta ta wuce rabin gangarar dutsen. In dutsen yana sauka mita 20 a kowane mita 100, hanyar kada ta sauka fiye da mita 10. In ta wuce haka ruwa zai bar hanyarsa ya bi taku. Ana kuma son a jimlace, daga farko zuwa ƙarshe, ta tsaya wajajen kashi 10 cikin ɗari. Sannan fuskar hanyar a ɗan karkatar da ita waje: in faɗinta mita ɗaya ne, bakin waje ya gaza na ciki da kamar santimita 5, yadda ruwa zai tsallake ta a shimfiɗe maimakon ya kwanta ya bi tsawonta. Wadda ta fi duka amfani ita ce a riƙa karya gangarar. Bayan taku goma sha biyar ko ashirin ana sauka, sai hanya ta ɗan hau sama kaɗan kafin ta ci gaba. Ruwa ba ya hawa tudu, dole ya fice a wannan ɗan kwarin. Abin daɗin shi ne wannan hawa da sauka shi ne ainihin abin da mahayi ke so, domin shi ke sa keke ya riƙa lilo a ƙarƙashinsa.

Wanda ya tashi a Nijar bai kamata ya ji wannan a matsayin baƙon ilimi ba. Manoman Ader sun daɗe suna jera duwatsu a kan layin da ba ya gangara don su rage wa ruwa gudu. Aikin Keita da aka fara a 1984 ya farfaɗo da tuddai da kwaruruka da irin waɗannan dabaru, kuma rabin wata da ake haƙawa a fako yanzu ba wanda bai san shi ba. Mutanen da suka yi waɗannan ayyuka suna nan da yawa, har cikin Yamai. Ni a ganina, matasan da ke son gina hanyar keke, kafin su nemi bidiyon Turawa a waya, su nemi dattijo ɗaya da ya taɓa aikin gyaran fako, su kai shi wurin, su saurare shi. Shi zai nuna musu yadda ake awo da siririn tiyo mai ruwa a ciki da sanduna biyu, irin wanda magina ke daidaita gini da shi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ya fi ido gaskiya.

Sai maganar lokaci. A Turai da Kanada lokacin hutun wasan shi ne na sanyi da ƙanƙara, ko gabansa da bayansa kaɗan, sa'ad da ƙasa ke da laima kuma mahaya sun ragu, a lokacin ne ake aikin hanya. Namu lissafin daban yake. Damina lokacin kallo ce. A je wurin ana gama ruwa, a bi sawun da ya bari, a ga inda ya taru da inda ya yanka, a kafa turaku. Haƙa a tsakiyar Agusta asara ce, ruwan gobe zai kwashe aikin yau. Rani kuma ƙasa ta bushe ƙamas, diga na tashi da wuta a kan marmara, abin da aka tara ba ya kamuwa sai dai ya zama gari. A watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 kuwa ba a ma maganar aikin ƙarfi a kan dutse. Damar tana cikin ƴan makonnin ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta saki danshi ba. Matsalarta ɗaya: kaka ce, hatsi na tsaye a gona ko ana girbi, don haka a kiyaye inda ake takawa. In an gama a lokacin, sanyin Disamba da Janairu ya zama na hawa.

Gwajin ƙasa a tafin hannu ake yinsa. A damƙi cikin hannu a matse. In ta dunƙule ta riƙe shatin yatsu, aka kuma latsa ta fashe gida biyu ko uku, ta yi. In ta zube ta tsakanin yatsu, yashi ya yi yawa ko ta bushe. In ta manne tana naso, a dakata kwana biyu. Jar ƙasa mai haɗe da ƙananan tsakuwa, irin wadda ake zubawa a hanyoyin karkara, ita ce ta fi. Inda za a ɗaga bango a kwana don mahayi ya jingina da gudu, ba a tula ƙasa gaba ɗaya. Ana zuba kaurin yatsu huɗu ko biyar, a yayyafa ruwa, a buga, a sake zubawa, kamar yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki. Kada a cusa itace ko shara a ciki don a rage wahala, gara za ta cinye itacen, bangon ya rufta a ƙarƙashin wani. Kowace irin wannan kwana kuma a bar mata mafitar ruwa a wurin da ya fi ƙasa. Inda gangarar ta yi tsanani ba yadda za a kauce, sai a shimfiɗe ta da manyan duwatsu, a binne kowanne fiye da rabinsa, a fara jeri daga ƙasa ana hawa sama.

Wurin tsalle shi ne abin da samari suka fi ɗoki, shi ne kuma ya fi karya ƙashi. A fara da wanda samansa a cike yake kamar tebur, wanda in gudu bai kai ba mutum zai dira a kai lafiya. Mai rami a tsakiya a bar shi tukuna. A kuma yanka ƴar hanya a gefe don wanda bai shirya ba ya wuce ba kunya.

Duk wannan bayan an sami izini ne. Babu ƙasar da ba ta da mai ita, ko da kun gan ta fako fetal. Wata gonar gado ce, wata makiyaya ce, wata burtali ya ratsa ta. Tun 1993 Nijar ke da kundin dokokin karkara, da kwamitocin kula da filaye, kuma akwai dokar gandun daji ta 2004. A fara da gaisuwa wurin maigari, a je ofishin magajin gari na yankin, a sanar da ma'aikatan gandun daji. Itace mai rai kada a sare shi. Geza da sabara da kalgo da ke jikin gangaren nan saiwarsu ce ke riƙe da ƙasa, hanya ce za ta kewaye su, kuma kewayen ma ƙarin kwana ne ga mahayi. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa a gefen birni tun 1965 don ya tare iska da ƙura ya riga ya sha wuya a hannun masu yanka filaye da masu zubar da shara. A shimfiɗe yake, ya dace da koyon tuƙi a kan turbobin da ke akwai, amma ba wurin haƙa ba ne. Halin tsaro a yankin Tillaberi kuma ya sa dole a tsaya kusa da gari, a tafi cikin jama'a, a dawo da rana.

A tuna cewa mai keke ba shi kaɗai ke bin dutsen ba. Mata masu itace da yara masu kiwo sun riga shi. Kada hanya ta ɓullo da gudu a kan turbarsu daga bayan kwana. Inda za su haɗu, a share ganuwa ta yadda kowa zai hango kowa, a sa ƴar kwana mai tilasta rage gudu tun kafin a iso. Shi kuma mahayi, hular kwano ba abin sasantawa ba ce, kuma ya duba birkin gaba da na baya kafin kowace sauka, domin yawancin kekunan gwanjo sun ci duniya, wasu ma kamannin VTT kawai gare su. Ƙayar aduwa da tsidau ba sa raga wa taya, a tafi da famfo da kayan faci.

Aikin ba ya ƙarewa ranar da aka ajiye shebur. Ruwan farko na Yuni shi zai nuna inda aka yi kuskure. Washegari a bi hanyar da ƙafa daga sama har ƙasa, da fartanya a hannu. Inda yashi ya toshe mafita a buɗe. Inda bakin waje ya yi tudu ya hana ruwa fita a kankare. Inda aka ga siririn rami ya fara bin tsawon hanya, a ƙara karya gangarar a samansa, a jera duwatsu a ƙasansa tun yana ɗan yatsa. Sannan a rufe hanyar har ruwa ya ɗauke, domin taya ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin layin da ruwan gaba zai bi.