Yaya Ake Gane Ofishin Gwamnati Yana Aiki?

Manomi ba ya auna daminarsa da yawan takin da ya saya. Buhunan da suka shiga rumbu yake ƙirgawa. Ofishin gwamnati ma ana auna shi, sai dai ma'aunin ba ɗaya ba ne, kuma wani ya fi wani faɗin gaskiya.

Samaru tana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna. Kowace daga cikinsu tana da kaso daga asusun tarayya duk wata. Wannan kuɗi na jama'a ne, don haka dole a san abin da ya haifar.

Ma'aunin da ya fi daɗewa shi ne binciken takardu. Tun zamanin baitulmalin En'e ake yin sa. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawu a Zariya, wadda ta zama makarantar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. A yau jiha tana da Odita Janar na ƙananan hukumomi. Ma'aikatansa sukan duba ko an sa aikin cikin kasafin kuɗi, wa ya sa hannu, kuma ina rasit. Wannan yana kama ɓarawon da bai iya ɓoye sawunsa ba. Amma rasit ba ya ba da ruwa. Ana iya samun takardu tsaf alhali rijiyar da aka biya ta kafe.

Haka nan idan aka ji an ce hukuma ta kashe kashi 90 cikin 100 na kasafinta. Abin da wannan yake nufi kawai shi ne kuɗi sun fita.

Saboda haka masana suka ce a raba kuɗin da yawan aikin. Ga misali. A ce hukumomi biyu kowacce ta kashe naira miliyan 20 kan rijiyar burtsatse. Ta farko ta haƙa 4, ta biyu ta haƙa 5. Rijiyar ta farko ta ci miliyan 5, ta biyu miliyan 4. A nan ta biyu ce gwana. Ko da yake sai an lura, don haƙa a ƙasa mai dutse ya fi tsada, kuma wannan ba laifin ma'aikata ba ne.

To, a koma bayan shekara guda. Rijiyoyi 4 na hukuma ta farko duk suna ba da ruwa. Na ta biyu kuwa 2 kaɗai suka rage, saboda an sa bututu marar kyau. Yanzu kowace rijiyarta mai aiki ta tashi a miliyan 10, ninkin ta farko. Wadda aka yaba ita ce ta yi asara. Wannan ma'auni na ƙarshe shi ne mafi kyau, kuma shi ne mafi wuya, don ba a zaune a ofis ake yin sa ba. Sai an je ƙauye an buga famfo. Matan da ke ɗebo ruwa sun riga odita sanin amsar.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ofis takarda ya nemi bayani, kuma ta ce a amsa cikin kwana 7. Ƙungiyar ƙauye tana iya rubutawa ta tambayi nawa aka ware wa rijiyarsu, wa aka ba kwangila, da wanda gyara ya rataya a wuyansa idan famfo ya lalace.