Birkin Keke a Lokacin Hunturu

'Yan'uwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe hanya da sassafe, daidai lokacin da ake ɗaura buhun masara a kariya don zuwa kasuwa. Wanda ya fito daga Yako ko Kiru zuwa Kwanar Dangora ya san ba a hango mota sai ta matso. A nan birki ne ke ceton rai.

Ƙurar hunturu tana cin robar birki, tana kuma sa ƙarafansa su cije. Kowane mako a goge gargaren taya da tsumma, a ɗiga mai a mahaɗan ƙarfen birki. Amma kada mai ya taɓa robar ko gargaren, domin birkin ba zai kama ba. Idan zanen robar ya shafe, a sa sabuwa.

A gangaren Doguwa a rage gudu tun daga sama, a matse birki biyu tare a hankali. Gudu in ya ninka biyu, nisan tsayawa yakan ninka huɗu. Sanyi yana sandarar da yatsu, saboda haka a sa safar hannu. Kuɗin roba bai kai kuɗin ɗori ba.