Bayanin Firgi, Baƙar Ƙasar Gabashin Barno

Maganarmu ta yau a kan wata irin ƙasa ce wadda da yawa daga cikinku sun taka ta, ko a tafiyar neman karatu Gabas, ko a fatauci zuwa Gamboru da Kusuri, amma kaɗan ne suka tsaya suka san halinta. Barebari suna ce da ita firgi, waɗansu su ce firki. Mu Hausawa in mun gan ta sai mu ce baƙar laka, mu wuce, muna zaton fadama ce irin tamu ta gida. Wannan zato kuwa ya sha cin dukiyar mutane, har da ta hukuma.

In mutum ya fita Yerwa ya nufi gabas, ya wuce Mafa, yana kusantar Dikwa sai ya ga rairayi yana ƙarewa ƙarƙashin sawunsa, ƙasa ta rikiɗe ta yi duhu, wani wuri baƙa, wani wuri toka-toka. Daga nan har Ngala da Marte da Kala-Balge, har a ƙetare kogin Ebeji a shiga Kamaru, ga ta nan shimfiɗe kamar faifai. Babu dutse ko da na jifan tsuntsu. Itatuwa jefi-jefi ne, yawancinsu na ƙaya, sai aduwa, sai bagaruwa a bakin tafkuna. Matafiyi yakan hango gari tun da hantsi, ya ce ya iso, alhali sai azahar zai shiga ƙofarsa.

Dalilin wannan shimfiɗa shi ne, wurin gindin ruwa ne a zamanin da. Masu binciken ƙasa sun tabbatar shekara wajen 7,000 da suka wuce Tafkin Cadi ya yi girman da ya kusa zama bahar, gaɓarsa ta wannan nahiya kuwa ita ce doguwar jigawar nan da ta ratsa Yerwa da Bama, wadda ta ɗara fuskar tafkin na yau da ƙafa wajen 130. Da ruwa ya yi ta janyewa sai ya bar kwance-kwancen ruwa marasa gudu, koguna suka riƙa gangaro da laka mai laushi daga kudu, tana kwantawa bisa tsohon rairayi shekara bayan shekara. Inda tudun rairayi ya yi tsawo laka ba ta rufe shi ba, nan mutane suka kafa garuruwa, don nan kaɗai ruwa ba ya ci da damina. Suna rushe ɗaki suna gina wani a kansa, har gari ya zama tsibi. Wani Bature mai tonon kufai, Graham Connah, ya haƙa irin wannan tsibi a Daima, kusa da Ngala, a 1965 da 1966, ya tarar da shara da toka da kasake na mazauna sun taru sun fi ƙafa 30, na can ƙasa sun haura shekara 2,000. Ashe mutane sun daɗe suna zama da wannan ƙasa, suna koyon halinta.

To, ga halin nata. Fiye da rabin jikinta laka ce tsantsa, irin wadda in ta sha ruwa takan kumbura, in ta bushe ta tsuke. Da rani takan yi tauri kamar jan bulo, fartanya ta sare ta ta yi tsalle. Sa'an nan ta tsattsage, tsaga mai faɗin da tafin hannu zai shiga, zurfinta kamu ɗaya, kamu biyu, wani wuri ma fiye. Wanda ya taɓa kora jakai ta nan ya san yadda kofato ke zurmawa, wanda kuma kuɗinsa ya taɓa faɗawa ciki ya san sai haƙuri. In ruwan fari ya sauka, sai ya kwarara cikin tsagogin nan ya jiƙa ta tun daga ciki. Daga nan ta kumbura, bakunan su rufe ruf, sai ta zama kamar tukunyar da aka toshe, ruwa ba ya ƙara ratsa ta sai kaɗan ƙwarai. Abin da ya sauka bayan wannan sai ya kwanta a bisa, mako da makonni, wani wuri wata biyu ko uku. A lokacin nan takan tuɓe wa mutum takalmi, ta kayar da raƙumi, ta riƙe mota har kaka. Garin Rann na Kala-Balge yakan yanke da sauran Barno da damina saboda wannan.

Akwai wani abin mamaki a gare ta, watau ita take yi wa kanta kaftu. Da rani ɓarɓashin bisa yakan zuba cikin tsaga. Da damina in ta kumbura ba ta da wurin komawa, sai ta matsu, na ƙasa ya turo sama. Wanda ya haƙa rami ya duba zai ga fuskokin hoge suna sheƙi kamar an shafa musu mai, don gugar da suke yi wa juna. Saboda haka sunan da masana suka ba irinta a littattafansu daga kalmar Latin yake, mai ma'anar juyawa. Masu ginin hanya kuwa suna ce da ita baƙar ƙasar auduga, don a Indiya irinta ake nomawa auduga, kuma ba su da abokin gaba kamarta. Motsin nan nata shi ke fasa kwalta, ya tsaga bangon siminti, ya karkatar da turakun waya. Falken da ya gina shago na bulo a kanta ba da zurfin harsashi ba, kada ya zargi magini shi kaɗai.

Abin da ya fi ruɗin baƙo shi ne launinta. A wurinmu baƙar ƙasa ita ce mai taki, kamar ta juji ko ta bayan gari. Baƙin firgi ba na taki ba ne. In aka auna ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta, da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin ɗari. Tana da ƙarfi ta wata fuska, gama akwai farar ƙasa a jikinta, har akan tsinci 'yan ƙwallayenta farare cikin hoge, kuma in an ba ta taki tana riƙewa, ba kamar jigawa ba da ke zubarwa. Amma abin da ke sa ganye ya yi kore, wanda ake saye a buhun yuriya, ya yi mata ƙaranci. Tana kuma karkata wajen kanwa. Inda kanwar ta taru ta yi yawa, ƙasa takan mutu ta zama faƙo, ba tsaga, ba ciyawa. Fulanin Kamaru suna ce da irin wannan wuri harde. Gero ba ya son ta, domin saiwarsa ba ta jure kwancen ruwa. Gyaɗa kuwa ko ta yi 'ya'ya, wa zai tone su?

Duk wannan hali daga yanayin sama yake. Ruwan shekara a nahiyar inci 20 zuwa 28 ne galibi, yana farawa wajen ƙarshen Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a Satumba. Sauran wata takwas ba ɗigo. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40, kuma abin da rana da iska ke iya zuƙewa daga fuskar ruwa a shekara ya ninka abin da sama ke bayarwa sau uku ko fiye. Da ruwa yana sauka kullum da firgi ta tabbata taɓo. Da ba ya sauka sam da ta tabbata dutse. Tsakanin jiƙa da bushewa take rayuwa, tsakanin nan ne kuma aka gano yadda za a ci abinci da ita.

Wannan dabara ita ce noman masakwa, dawar da ake dasawa bayan damina ta wuce. Fulanin Kamaru suna ce da dawar muskuwari, ƙasar kuwa karal. Mutanen Cadi suna ce da ita berbere. Bature matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar ana noma ta a Barno tun zuwansa na 1851. Tun da rani manomi yake ɗaga 'yan ganuwa na laka, tsawon taƙi ɗaya ko biyu, ya yanka gonarsa fangali-fangali, don ruwan damina ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya malale. Cikin Agusta ya yafa iri a wani ɗan tudu mai rairayi, ya rene shi kwana 30 zuwa 40. Da ruwa ya fara janyewa, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai a sare ciyawar da ta rufe fili, a bari ta sha iska, a ƙone. A zamanin nan da yawa sun koma fesa maganin ciyawa. Sa'an nan a ɗauko sanda mai nauyi mai tsini, kamar taɓarya, a soka rami zurfin taƙi guda, a zuba ɗan ƙoƙon ruwa, a sa dashe biyu waɗanda aka datse wa ganye. Tsakanin rami da rami taku ɗaya mai kyau, don kowane gindi ya sami rabonsa na laima. Daga ɗan ƙoƙon nan kuwa ba a ƙara ba ta ruwa har girbi. Saiwa ce ke bin laima zuwa ƙasa, sanyin hunturu yana rage mata ƙishirwa, har ta fid da kai ta nuna a Janairu ko Fabrairu, sa'ad da gonakin jigawa duk sun zama kara. Masu gona su ci tsaba, shanun Shuwa su ci kara, in tsuntsayen jan-baki sun bar musu.

Wuyar abin tana ga lokaci. In aka yi gaggawa, ƙafa ta nutse, dashe ya ruɓe. In aka yi jinkiri, sanda ba ta shiga, laima kuma ta riga ta gudu ƙasa. Kwanakin da kowace gona ke karɓar dashe ƙididdigaggu ne, shi ya sa ake bin ruwa yana ja ana dasawa, daga inda ya fara bushewa zuwa kwari, shi ya sa kuma ƙwadago ke tsada a makonnin nan. A ganina babu wata dabarar noma a ƙasashenmu da ta kai wannan hikima, don manomi bai haƙa rijiya ba, bai sayi inji ba, ƙasar ya mayar randa.

Alhazan da, masu tafiya Makka ta ƙasa, sun ga 'yar'uwar firgi a Sudan, a Jazira, tsakanin kogunan Nilu biyu. Bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 aka kwararo ruwa bisa lakar nan aka noma auduga, Hausawa da yawa sun tsinci kuɗin guzuri a gonakinta, garin Mai Wurno kuwa yana nan kusa. Abin ya yi kyau a can domin kogi yana zuwa da ruwan Habasha kowace shekara, fili yana da ɗan gangare, ruwa yana tafiya da kansa, lakar kuma ba ta barin ya tsiyaye daga lambatu. Irin wannan aka so yi a Barno. An kafa hukumar raya kwarin Tafkin Cadi a 1973, aka tsara shayar da hekta wajen 67,000 na firgi a ƙasar Marte don alkama da shinkafa, aka haƙa doguwar hanyar ruwa daga tafki, aka kafa manyan injuna na ɗaga shi, aka buɗe kashi na farko a 1979. Amma tafkin da ya kusa murabba'in mil 10,000 a 1963, farin 1973 da na 1984 suka rage shi har bai kai ushirin wannan ba. Ruwa ya janye ya bar bakin hanyar a bushe, aka yi shekaru injuna suna tsaye, abin da aka taɓa nomawa kuwa ɗan kaɗan ne cikin abin da aka tsara. Laifin ba na ƙasa ba ne, an dai jingina ta ga ruwan da ba shi da tabbas. Manomin masakwa ma ya sha wuya a shekarun nan, sai dai abin da ya yi hasara iri ne da guminsa, da ruwa ya komo kuwa ya koma gonarsa.

Hasarar da ta fi wannan ta zo a 2014, sa'ad da fitinar Boko Haram ta watse garuruwan Marte da Dikwa da Ngala da Kala-Balge, mutane suka gudu Yerwa da Kamaru. Gonar firgi in aka bar ta shekaru, ganuwoyinta sukan narke, ƙaya ta komo, sai an sake sara da ɗauri kafin ta ba da abinci. Yaron da ya girma a sansani kuwa bai taɓa riƙe sandar dashe ba, bai san ranar da ƙasa ke karɓa ba, wannan sani kuwa a bakin tsofaffi yake.

Saboda haka wanda aka yi wa tayin gona a firgi, ko aka nemi ya ba da jari a raba amfani, kada ya tafi dubawa da rani kaɗai ya ga baƙi ya yi murna. Ya tambaya kwana nawa ruwa ke kwanciya a wurin, kuma ta ina yake zuwa, na sama ne kaɗai ko akwai ambaliyar kogi. Ya dubi tsaga, gama mai faɗi da zurfi ita ce mai shan ruwa, wuri mai santsi da farin ɓawo kuwa kanwa ce. Ya dubi ganuwoyi ko suna tsaye, ya tambaya ina tudun da za a rene iri, da inda za a ɗebo ruwan dashe, da hannu nawa za a samu a makon da ƙasa ta buɗe. Mai mota kuma, daga Yuli zuwa Oktoba, kada ya sauka daga kwalta da kaya ko da direba ya rantse masa ya san hanya.